Yaro da Bindiga, Babu Maigida

Da zarar an kawar da amfanin gona hunturu ya kama, sai ka fara ganin motocin nan a hanyoyin Kano da Jigawa da Katsina da Bauchi. A-kori-kura ce ko kanta, maƙare da samari, karnuka a ɗaure a tsakanin ƙafafunsu, gora da barandami da adda a tsaitsaye, mai gangi ya ɗare saman mota yana kaɗa take. Farauta za su. Duk wanda ya ci karo da su a gidan mai, ya ɗan dakata ya ƙare wa fuskokin kallo, ya nemi mai furfura a ciki. Da wuya ya samu. Wanda suke kira babba, sa'an yayyensu ne.

Rashin furfurar nan ya fi damuna a kan bindigar, ya fi damuna a kan karnukan. Masu jayayya a kan farauta a yau kashi biyu ne. Akwai masu rajin kare namun daji, waɗanda ke ganin a haramta ta kowa ya huta. Akwai masu cewa gado ce, kuma ba mai raba su da abin da suka taras iyayensu na yi. A ganina dukansu sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da muka rasa shi ne maigida, dattijon da yaro zai bi shekara da shekaru kafin a yarda ya ɗana kibiya. Muddin ba a dawo da shi ba, haramci ba zai hana kowa shiga daji ba, masu iƙirarin gado kuwa za su wayi gari babu abin farautar.

A gidan maharba na asali, yaro ba ya farawa da makami. Da burgami yake farawa, da gorar ruwa, da riƙon kare. Yana tafe bayan maigidansa, ba ya magana sai an tambaye shi. Za a tsaya a bakin rafi a nuna masa ƙasa a ce, "Kai yaro, me ya wuce nan?" In ya ce gada alhali mazo ne, ba za a gyara masa ba, sai dai a ce, "Sake dubawa." A hankali zai rarrabe sawun jiya da na ɗazu, ya gane dabbar da ke tafiya hankali kwance da wadda aka razana. Zai ga maigida ya ɗebi ƙura da yatsu biyu ya sake ta don ya ga inda iska ta nufa, domin naman dawa hancinsa ya fi idonsa aiki. Zai koyi zaman bago a kan reshe tun la'asar har dare ya raba, sauro na cizo ba damar kai mari.

Sai kuma burtu. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka wasan yara ne. Maharbi zai ɗaura kan tsuntsun nan a goshinsa da igiyar fata, wani na gaske ne da aka busar, wani sassaƙen itace ne da aka yi wa rufin fata. Ya yafa baƙin zane, ya durƙusa, ya shiga rarrafe cikin ciyawa yana sunkuyar da kai yana ɗagawa, yadda tsuntsun ke yi in yana tsintar fara. Barewa ta saba kiwo kusa da burtu, ba ta tsoronsa. A haka zai yi ta matsawa kaɗan-kaɗan, gwiwa na shan ƙaya, tazarar da yaro zai rufe da gudu a numfashi ɗaya shi sai rana ta karkata bai cinye ta ba. Duk wannan wahala saboda harbi ɗaya ne. Bindigar toka ba ta ba ka na biyu sai ka tsaya ka sake mata ɗuri, kibiya kuwa, ko da dafin kwankwani a bakinta, sai an matsa kusa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma mutumin da ya saba samun nama da irin wannan tsada ba ya harbin banza.

A cikin biyayyar nan ake cusa wa yaro hani, ba tare da an zaunar da shi an ce yau darasi za a yi ba. Tsoffin maharba za su gaya maka ba a harbin mai ciki, ba a harbin mai shayarwa. Damina ta noma ce, daji ya huta. Dabbar da ka raunata, bin ta ya zama dole ko kwana za ka yi a dawa. Ba ka harbin motsin ciyawa sai ka ga abin da ke motsa ta, don wataƙila mai itace ne. Ba ka faɗa wa dajin wani gari sai ka je ka gai da Sarkin Bakansu. Manyan namu irin su ɓauna da gwanki kuwa, an yi imani ba kowa ke taɓa su ya kwana lafiya ba sai wanda aka shirya. Malamai za su ce camfi ne, ni ma ban musa ba. Amma camfin nan ya tsare rayukan dabbobi fiye da abin da wasu dokokin da ke kwance a ofisoshi suka tsare.

Kada a ɗauka ina cewa mutanen da waliyyai ne. An yi farautar gayya da ake kewaye daji da wuta. An yi farautar ƙwace, inda mai ƙarfi ke raba mai rauni da abin da karensa ya kama, a dawo gida da rotse. Kuma in za a faɗi gaskiya, abin da ya fi kare namun daji a da shi ne raunin makami da ƙarancin mutane. Ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, yau mun haura miliyan 200. Dajin da kakanninmu suka yi bago a ciki yanzu gona ce, ko unguwa mai lambar gida. To amma ai wannan ƙarin hujja ce a gare ni. In a lokacin da daji ke cike maƙil an ga buƙatar hani, ina ga yanzu da ya zama saura?

Yaron yau ya samu komai ban da mai kwaɓarsa. Babur na kai shi inda ƙafa ba ta kaiwa a wuni guda. Cocila a goshi ta mai da dare rana: a haske idon dabba ta daskare, a harbe, sai an je ɗauka a ga ciki gare ta. Harsashi ya maye gurbin ɗuri. Wanda ba shi da bindiga sai ya cinna wa daji wuta saboda gafiya biyu, wutar ta bi ta lashe harawar wani bawan Allah da ya tanada wa dabbobinsa. Wasu guba suke barbaɗawa a mushe. Ungulu, wadda a da korarta ake yi a mahauta, yanzu sai ka daɗe ba ka ga ko ɗaya ba, domin 'yan tsibbu na sayen kanta da tsada. Ga kuma ƙwaya. Mutanen Kano sun san yadda wasu rukunin 'yan farauta na unguwanni suka rikiɗe suka zama 'yan daba, gabar da aka ƙulla a daji a zo a ƙarasa ta a lungu.

Abin mamaki, hanin nan yana cikin littafin da ake karantawa a kusan kowane zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid ta faɗa ƙarara cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuma halal ce. Aya ta 4 a suratul Ma'ida ta yi magana a kan dabbar farauta da aka horar, da ambaton sunan Allah a kan abin da ta kamo. Malaman fiƙihu sun yi bayanin bisimilla a lokacin sakin kare, da yanka dabba in an tarar da ita da sauran rai. Ni dai ban taɓa jin liman ya ɗauki wannan babi a huɗubar Juma'a ba a watannin da samarin unguwarsa ke fita daji.

Mu duba abin da ya rage mana. Gandun Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Giwayen da ke cikinsa ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, kuma a haka suna cikin manyan garken da suka saura a ƙasar. Zakunan Najeriya duka ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Raƙumin dawa da kyarkeci tuni suka ɓace daga Yankari. Sambisa da Kamuku da Kuyambana da Falgore kuwa, yaron da aka haifa bayan 2000 ya san sunayensu ne a labaran hari da garkuwa da satar shanu. Ka gaya masa cewa gandun namun daji ne, sai ya kalle ka.

'Yan namun da suka rage ɗin ma, zamansu da mutane ba daɗi. A ƙauyukan Alƙaleri da ke kewaye da Yankari, garken giwa na iya tashin gonar dawa a dare ɗaya. A Dadin Kowa ta jihar Gombe manoman shinkafa sun sha kukan dorina. Mutumin da aka cinye wa abincin shekara, kada wanda ya zo masa da wa'azin kyan halitta. Kuma mun san yadda ake yi in kura ko wata dabba ta ɓato hanya ta shigo gari: ihu, jifa, wayoyi a sama ana ɗaukar bidiyo, kafin ma'aikatan gandun daji su ji labari an raba nama. A irin wannan rana ne ilimin tsohon maharbi ya fi tsada, domin wanda ya san yadda ake kusantar dabba shi ya san yadda ake juya ta. Ya san giwa mai ɗa ba a shiga tsakaninta da ɗanta, ya san dorina ba a tare mata hanyar komawa ruwa. A kewayen Yankari, ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ke aiki da gwamnatin Bauchi ta sa wasu mutanen ƙauyuka aikin lura da motsin giwaye suna sanar da masu gadi ta waya. Abu ne mai kyau. Irinsa ya kamata ya zama sana'ar da yaron maharbi zai iya gada.

Gwamnati kuwa ba ta tuna mafarauta sai wuta ta kama. A watan Nuwamban 2014, mafarauta na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Sunan mafarauciya Aisha Bakari Gombi ya zaga duniya saboda irin wannan aiki. Ba mai raina wannan sadaukarwa, da yawansu sun ba da rai. A watan Mayun 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa a ɗauki dakarun tsaron dazuzzuka. Amma a lura da abin da ake nema wajen maharbi a duk waɗannan shirye-shirye: ƙarfin halinsa da yatsansa a kan kunama. Ba wanda ke tambayarsa abin da ya sani game da lokacin haihuwar mariya, ko wane tafki ne ba ya ƙafewa. Yaron da ya shigo sana'ar ta ƙofar sintiri, an ba shi kaki da bindiga da katin shaida, sawun mutum zai koya kafin na dabba. Ranar da rikici ya lafa aka daina biyan alawus, ban san wa zai karɓi wannan bindiga daga hannunsa ba, kuma ban ji wani jami'i ya yi wannan lissafi a fili ba.

Sai abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta da ke dawowa daga jihar Ribas za su gida Kano yin salla, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe 16 aka ƙone. Kisan gilla ne, ba shi da wani suna, kuma babu takardar da ke tsayar da taron da ya riga ya yanke hukunci. Allah Ya jiƙansu. Amma bayan ta'aziyya akwai tambayar da ta rage a wuyanmu mu 'yan Arewa. Me ya kai maharbin Bunkure farauta har Ribas? Dajin gida wani ya ƙare, wani kuma 'yan bindiga sun mamaye. Sana'ar da ta kai mutum ya ratsa ƙasa daga wannan baki zuwa wancan da makami a hannu, a zamanin da kowa ke zargin kowa, ba a bar ta haka sakaka ba tsari ba mai tsaya mata.

Wasu ƙasashen sun taɓa kai wa inda muke. A Amurka, wajen 1900, barewarsu mai farin bindi ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan saboda farautar kasuwa. Yau ana maganar kusan miliyan 30, kuma ba su haramta farauta ba. A 1937 suka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ke kwasar haraji a kan bindigogi da harsasai, kashi 11 cikin 100 a kan na farauta, a raba wa jihohi don kula da namun daji. A 1949 jihar New York ta wajabta wa sabon mafarauci shiga aji kafin a ba shi lasisi, sauran jihohi suka bi. A jihohi da yawa akwai lasisin ɗan koyo, wanda ba ya ba ka damar fita sai tare da babba mai cikakken lasisi a gefenka. Wato abin da maharbanmu suka yi ba takarda, su sun zauna sun rubuta shi.

Na san za a ce mu ba Amurka ba ne, to mu leƙa Nijar. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa 49 kacal suka rage a 1996, kuma su ne na ƙarshe a irinsu a duk Afirka ta Yamma. Ba shinge aka yi musu ba, a cikin gonakin mutane suke kiwo. An hana taɓa su, aka sa mutanen yankin a cikin aikin, samarinsu suka zama 'yan jagorar baƙi. Adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Harin da 'yan bindiga suka kai yankin a watan Agustan 2020, wanda ya ci mutum 8, ya karya kasuwar baƙi, wannan gaskiya ne. Amma raƙuman suna nan, a ƙasar da ba ta fi mu kuɗi ba.

Mu ba dokoki muka rasa ba. Dokar namun daji ta Jihar Arewa tun 1963 take. Akwai dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016. Dokar makamai ta 1959 ta ce ko bindigar toka sai da izinin kwamishinan 'yan sanda, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Sharaɗi ɗaya nake so a ƙara: kada a ba saurayi izinin farauta sai wani sanannen maharbi ya tsaya masa, ya shaida cewa ya bi shi rani biyu ko uku, Sarkin Baka ya sa hannu, hakimi ya sani. Kuma alhakin ya hau kan wanda ya tsaya ɗin. In yaronka ya cinna wa daji wuta, ko ya harbi abin da aka hana, kai ma izininka ya tafi, ba ka ƙara tsaya wa wani. Haka mahauta ke yi. Ba ka tashi kawai ka kafa teburin nama a kasuwa Sarkin Fawa bai san wa ya koya maka yanka ba.

Za a ce Sarkin Baka zai sayar da sa hannu. Wani zai sayar, ba shakka. Amma jami'in da ke zaune a hedikwatar jiha bai san yaron ba, bai san ubansa ba, ba kuma zai haɗu da mai gonar da aka ƙone a masallaci ba. Sarkin Baka zai haɗu da shi sau biyar a rana. In dole sai an zaɓi wanda zai iya cin amana, gara wanda ake iya zuwa ƙofar gidansa.

Za a kuma ce talaka ne, da me zai ci in an rufe masa daji rabin shekara? Wannan ita ce tambaya mai nauyi, kuma amsarta kuɗi ce. Gandayen da suka rage na buƙatar masu bin sawu, masu gadi, masu ƙidayar dabbobi, masu raka 'yan makaranta. Aikin da ake ɗauko mai takardar digiri daga birni ya zo yana tambayar hanya, a ware wani kaso a ba maharba da yaransu, da albashi ba da alawus na ganin dama ba. Kuɗin lasisi kuma a bar wani abu a gundumar da aka karɓe shi, yadda mutanen wurin za su ga gada mai rai tana kawo musu wani abu.

Su ma dattawan akwai abin da za su haɗiye, kuma mai ɗaci ne. Kirarin maharbi a kan zaki da giwa da ɓauna aka gina shi. Dole wani Sarkin Baka ya iya duban yaronsa ya ce masa, "Ni na harba, kai ba za ka harba ba, don sun ƙare." In ɗan boko ya faɗi wannan magana, dariya za a yi masa. In mai tabon ƙahon ɓauna a cinya ya faɗa, za a saurara. Shi ya sa ban yarda da masu son a ture maharba gefe a yi aikin kare daji ba su ba.

Kuma ba sai an jira majalisa ba. Masarautun da ke da sauran daji a ƙasarsu, irin su Bauchi da Ningi da Birnin Gwari da Borgu, suna iya farawa a ranin nan: kowane hakimi ya tara maharban gundumarsa, a rubuta sunan kowa da sunayen yaran da ke ƙarƙashinsa, a yi shela a kasuwa da masallacin Juma'a a kan watannin da aka rufe daji da dabbobin da ba a taɓawa. Duk motar farauta da za ta tashi daga gari, a san dattijon da ke cikinta, in babu kada ta tashi.